Daminar da Inna Dijatu Ta Manta

A unguwarsu a Azare, in gardama ta tashi a kan wa ya girmi wa, ba a wahalar neman mai unguwa. Gidan Inna Dijatu mai daddawa ake nufa. Za ka same ta tsakar gida gaban tukunyar kalwa, hayaƙi ya rina mata ido, ɗankwali ya karkace, ko ɗago kai ba ta yi sai ta yanke hukunci: "Kai ne ƙarami. Ranar sunanka wannan yana rarrafe, shi ya kifar mana da ƙwaryar kunu. Ku tashi ku ba ni wuri." Shi ke nan, magana ta mutu. Manyan mutane da gemunsu, masu 'ya'ya a jami'a, sai ka ga sun fita sumui-sumui, wanda aka kayar yana sosa ƙeya.

Ita ba ruwanta da shekarun Bature. Da goyo da yaye take auna zamani. "Ina yayen babbansu aka yi farin nan da ya kashe shanu," haka take cewa, don ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari, Hammawa, da bakinta ba. "Ina da cikin ta biyun aka canja kuɗi." In nata goyon ya ƙare sai ta ɗora da na maƙwabta, in nasu ya ƙare ta kama na jikoki, har lissafin ya iso jiya. Ta san wa ya haifi wa, wa ya auri wa ya saka, wane gida ne asalinsu Barebari ne suka zama Hausawa, wane gida ne suka ajiye sandar kiwo suka kama awo a kasuwa. Kuma wallahi ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

A garin Katagum aka haife ta, a hannun kakarta Kellu ta tashi, kuma can ta samo wannan hali. Tsohuwar nan in ta sa kan yarinya a cinya za ta yi mata kitso, ba ta sakinta sai ta jero mata dangi tun daga kakan kaka, in ta yi tuntuɓe a sha ranƙwashi. Da safe kuma, kafin a sha koko, sai ta tambayi matan gidan ɗaya bayan ɗaya abin da suka gani a barci. A gidan nan mafarki kamar labarin kasuwa ne: wance ta ga marigayi Baba yana gyaran danga, wance ta ga uwarta tana neman ludayi. In mamaci ya zo da fuska a ɗaure, a toya waina a raba sadaka. In ya zo da fara'a, a ce Allah ya ƙara masa haske, a ci gaba da aiki.

To haka Dijatu ta girma da zamani iri biyu a ka. Akwai na ido biyu, mai tafiya gaba ba waiwaye, wanda yaron da ka goya yake fitar da furfura a gabanka. Akwai kuma na barci, inda kowa yake nan yadda ka bar shi. Da ta tsufa har abin yakan ba ta dariya. "Jiya na ga uwata," in ji ta, "yarinya shar da ita, ta fi 'yata ƙuruciya, amma tana daka mini tsawa ina rawar jiki." Sai dai ba ta taɓa haɗa biyun a ƙwarya ɗaya ba. Kowane labari za ta ba ka, sai ta fara da ɗayan biyu: "wannan gani na yi," ko "wannan mafarki na yi."

Aure ya kawo ta Azare, gidan Malam Hussaini mai ɗinkin hula, mutum mai sanyin hali wanda ya rayu ya mutu ba a ji sautinsa a waje ba. Ta haihu, ta binne wasu, ta aurar da wasu, kamar kowace mace ta zamaninta. Amma mutuwar autanta Yunusa daban ce. Ta same shi bayan ta fid da rai, har ta yi suruka, ana yi mata tsiya wai ta ƙi sakar wa yara fage. Bai kai ga zama ba zazzaɓi ya ɗauke shi a farkon wata damina. Tana tuna safiyar da aka fita da shi. Abu na gaba da take tunawa, ana yankan gero. Tsakanin nan babu komai, fayau, kamar an wanke ƙwarya. In aka tambaye ta wani abu na wannan damina sai ta tsuke fuska ta ce a tambayi wata, ita aiki ya yi mata yawa. Duk mamatanta suna zuwar mata a barci, Yunusa kaɗai bai taɓa zuwa ba. Hoto babu. A hankali har kamanninsa suka ɓace mata, kuma wannan ya fi mutuwar kanta ci mata rai.

A wannan damina aka haifi Abbas, ɗan Ummu Salma, maƙwabciyarta ta katanga ɗaya. Wannan ma ji ta yi a bakin mutane daga baya.

Abbas a tsakar gidanta ya yi wayo. Shi ne mai satar ƙuli-ƙulin da take ɓoyewa a langa, shi ne da ya girma ya buɗe shagon walda ya ƙera mata murhun ƙarfe ya ce ta daina ƙona ƙafa a duwatsu. Ita kuwa Jannatu, 'yar Hammawa, tun ranar da aka kawo ta yaye wurin kakarta ba ta koma ba. Gado ɗaya suke kwana, akushi ɗaya suke ci, suna faɗa kamar sa'o'in juna. Ta yi karatu ta zama malamar firamare, amma in ta dawo sai ta tuɓe mayafi ta kama taɓarya ta taya kirɓin daddawa, tana mita wai warin ya hana ta samun miji.

"Wanda zai aure ki ai a cikin warin ya girma," in ji tsohuwar. "Kina tsammani ban ga mai walda yana gyara ƙofar da ba ta lalace ba?"

Da maganar ta fito fili, babu wanda ya kai Inna Dijatu murna. Iyayen Abbas duka sun rasu, 'yan uwan ubansa suka zo neman aure, Hammawa ya ba su, aka sa rana bayan girbi. Tsohuwa ta fara tara kwanuka a ƙarƙashin gado.

Ana cikin haka jiri ya kayar da ita a bakin murhu. Likita ya ce hawan jini ne, ya hana ta zaman gaban wuta, ya ce lallai ta riƙa kwanciya da rana. Matar da tun tana amarya ba ta san barcin rana ba, sai ga ta a kan tabarma bayan azahar, tana tsaki, tana kallon rufin ɗaki. A irin wannan barci ne mafarkin ya zo.

Ta ga kanta a tsohon ɗakinta na ƙasa, ruwa yana zuba, rigarta sharkaf da nono, ƙirjinta ya yi tauri yana zogi. Bayan katanga jariri yana kuka, irin kukan da murya ta dushe. Ta fita cikin ruwan. Wajen da katanga ta zube, wasu hannaye suka miƙo mata shi a naɗe cikin zane, fuskarsa a rufe. Ta koma ɗaki ta sa shi a nono. Ya kama, zogin ya fara sauka, daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Sai ta ji wata murya daga can gidan tana cewa, "Alhamdu lillahi, Abbas ya yi shiru."

Ta farka a firgice. Abin da ya fi tsorata ta, ƙirjinta ciwo yake yi da gaske, ita da ta manta rabonta da shayarwa. Mafarkinta na sauran lokaci ba ya biyo ta farke.

Kowa ya san hukuncin, ba sai an je makaranta ba. Yaron da ya sha nonon mace ya zama ɗanta. In Abbas ya sha nata, to ƙanin Hammawa ne, baffan Jannatu ke nan, kuma babu aure tsakaninsu har abada.

Ta ce Shaiɗan ne. Ta tofa a hagu, ta sa aka toya waina aka raba. Kashegari mafarkin ya dawo, daidai yadda ya zo, ko ɗigon ruwa bai canja ba. Ta ƙi kwanciya, ta zauna a jingine tana jan carbi, gyangyaɗi ya sace ta, ya sake zuwa. Sai ta fara bin abin da aka taɓa gaya mata game da daminar nan, ɗaya bayan ɗaya. Ummu Salma ta yi ciwo a jegon Abbas har an kwantar da ita asibiti, wannan kowa ya sani. Katangar da ke tsakaninsu ta taɓa zubewa a wani ruwa, Malam Hussaini ya sha ba da labarin gyaranta. Ita kuma a lokacin tana da nono ba ta da ɗa. Allah sarki! Wace mace ce za ta ji wannan kuka ta zauna?

Amma kuma wace mace ce ba za ta yi mafarkin haka ba, ko da ba ta yi ba?

Ta rame. In Jannatu ta shimfiɗa atamfofin da za a kai ɗinki ta ce, "Inna, wanne ya fi?" sai ta nuna kowanne ta kau da kai. In ta yi shiru kuma abin gaskiya ne, ta aurar da yarinya ga baffanta, duk ɗan da aka haifa a wuyanta yake ranar gobe. In ta yi magana kuma mafarki ne kawai, ta yanka yarinyar da ta goya da hannunta a kan banza. Ga shi duk waɗanda suke gidajen nan biyu a daminar sun mutu, Hammawa da matarsa kuwa a lokacin a wani gari suke zaune. Mutum ɗaya ya rage: Ya Gana, yayar Malam Hussaini, wadda ta zo zaman makokin Yunusa ta zauna da ita har kaka. Tana Katagum, a gidan jikanta.

Inna Dijatu ta ce za ta je gaishe ta. Jannatu ta so raka ta, ta ce a'a, 'yan makaranta fa? Ta ƙulla daddawa a leda, aka sa ta a mota a tasha. Niyyarta mai kyau ce ƙwarai: ta tambaya a asirce, tsohuwa da tsohuwa, in Ya Gana ta ce ba a yi ba, ta dawo ta rufe bakinta har kabari.

Abin da ba ta lissafa ba, kunnen Ya Gana ya tafi. Ta same ta a ɗaki a kan katifa, ta ƙanƙance ta koma kamar yarinya, ido ya yi fari. Matar jikanta, Nana Aisha, ta kawo ruwa ta koma bakin ƙofa tana wanke-wanke. Inna Dijatu ta matsa ta raɗa tambayarta.

"Iye?" in ji Ya Gana.

Ta ɗan ɗaga murya.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya! Cewa na yi, daminar da kika zauna a gidanmu!"

"Gidan wa?"

Tun tana sassautawa har haƙurinta ya ƙare, ga tafiyar da ta sha, ga abin da ke cinta. Ba ta san lokacin da ta buɗe murya irin ta kiran yara daga bakin titi ba: "Abbas ɗan Ummu Salma! Na ba shi nono ko ban ba shi ba? Lokacin Yunusa!"

Ƙarar kwanuka a bakin ƙofa ta tsaya cak.

Fuskar Ya Gana ta washe. Ta lalubo hannunta ta riƙe. "Yunusa? Ina yake? Kawo shi in ji nauyinsa. Ya fara zama?"

Nan Inna Dijatu ta gane. Ashe ita Ya Gana tuni ta ƙaura can inda kowa yake nan yadda aka bar shi. A wurinta yaron yana raye, ƙanenta Hussaini yana zaure yana ɗinki, damina ba ta faɗi ba tukuna.

"Yana barci, Yaya," ta ce. Hawaye suka zubo mata, kuma har ga Allah a wannan lokaci ta yi kishin tsohuwar.

"To kar ki tashe shi," in ji Ya Gana.

Nana Aisha ba muguwa ba ce, kar a ɗauki alhakinta. Tana da ƙanwa da ke aure a Azare, ta kira ta a waya don ta ji ko da gaske ne, ta kuma roƙe ta kar ta gaya wa kowa. Ita ma ƙanwar mutum ɗaya tak ta gaya wa. Kafin motar Inna Dijatu ta shigo gari da la'asar kashegari, maganar ta riga ta zaga unguwa ta dawo. Ta tarar da Hammawa a zaure, hula a gwiwa.

Ya durƙusa ya gaishe ta, kansa a ƙasa. "Inna, wata magana nake ji."

Ta zauna a dakali ta gaya masa duka, ba ta rage ba ba ta ƙara ba.

"To Inna, an yi ko ba a yi ba?"

"Ban sani ba."

Ya ɗago ya dube ta. Tun da ta haife shi bai taɓa jin wannan kalma a bakinta ba.

Suka je wurin Malam Abdulrahim, limamin unguwa, mutum mai natsuwa. Ya saurara har ƙarshe, ya yi tambayoyinsa, sannan ya ce, "Inna, ba a gina hukunci a kan mafarki. Ke da kanki ba ki tabbatar ba, babu mai shaida, ba a taɓa jin zancen a unguwa ba sai yau. Ni ban ga abin da ya hana wannan aure ba. Ku je ku ɗaura abinku."

Ta fito kamar an sauke mata dutse. Da a ce wata tsohuwa ce, da maganar ta ƙare a nan, a ce rikicin tsufa ne a yi dariya. Amma Inna Dijatu ce. Matar da ta shekara da shekaru ba ta yi kuskuren goyo ɗaya ba, yau a ce ba ta san wanda ta ba nono ba? Haba! Mata a gidan suna, mata a bakin famfo, duk bakinsu ɗaya: ta sani sarai, tausayin jikarta ne ya sa take cewa mafarki. "In ba ta tabbata ba, me ya kai ta Katagum da hawan jini?" Malam ya yi bayani a masallaci ba tare da kama suna ba, aka gyaɗa kai, aka fito aka ci gaba da cewa ai Malam littafi ya sani, Inna kuwa tana wurin.

Ta bi gida-gida, abin da ba ta taɓa yi ba, tana rantsuwa cewa daminar nan ba ta cikin kanta. Ana ba ta tabarma, ana ba ta ruwa, ana cewa, "Haka ne, Inna, Allah ya rufa asiri." Tana fita a ce, kun gani, har rama ta yi don ta san gaskiya. Sunan da ta yi na rashin mantuwa shi ya tashi ya danne ta, ta rasa yadda za ta ture shi.

'Yan uwan uban Abbas suka fara ja da baya. Abokansa a bakin shago, marasa ta-ido, suka fara ce masa Baffa. Wata ranar Juma'a bayan an sauko ya shigo gidan, ya tsuguna nesa da ita, ba inda ya saba zama ba.

"Inna, na ji abin da Malam ya ce, kuma na yarda da shi," ya ce. "Amma wallahi tun da maganar nan ta shiga kunnena, in na ɗaga ido zan dube ta sai gabana ya faɗi. Na yi addu'a, na yi istihara, abin ya ƙi fita. Yaya zan zauna da mace ina wannan tunani? In muka haihu fa, wani ya gaya wa yaran?"

"Ɗan nan, mafarki ne fa."

"To ki ce mini ba a yi ba, Inna. Ki ce kawai, ni kuwa in ɗauka."

Ga ƙofa a buɗe, ta ce ba a yi ba kawai. Jannatu tana cikin ɗaki, labule yana motsi. Inna Dijatu ta buɗe baki, sai ta ji zogin nan a ƙirjinta, ta ji muryar bayan katanga. Ta kasa. Ta ce, "Ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Ban sani ba."

Ya daɗe a tsugune, sannan ya share fuska da hularsa ya tashi. Cikin satin aka zo aka karɓi kayan sa rana. Kafin kaka ya kwashe injinansa ya koma Jama'are.

Jannatu ba ta yi ihu ba, ba ta fasa kwano ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ranar da aka fita da kayan ta zo ta tsaya a kan kakarta ta ce, "Inna, tun ina ƙarama kowane labari sai kin ce mini gani kika yi ko mafarki. Wannan ɗaya da rayuwata take ciki, shi ne ba ki sani ba?" Ta tattara kayanta ta koma gidan ubanta. Tana zuwa gaisuwa ranar Juma'a, da mayafinta a ka, ta durƙusa kamar baƙuwa ta ce an yini lafiya, ta ajiye maganin hawan jini ta tafi. Tsokana ta ƙare. Inna Dijatu ta daina daddawa gaba ɗaya, masu gardama in sun zo ta ce musu ba ta jin daɗi.

Bayan shekara biyu Jannatu ta auri wani ma'aikacin gona a Dambam, mutumin kirki, ba wanda ya taɓa jin ta yi kuka da shi. Abbas ma ya yi aure can inda yake. Mafarkin kuwa tun ranar da aka fasa ya ɗauke ƙafa, kamar wanda ya gama aikin da ya kawo shi.

Sai da cikin Jannatu ya tsufa, aka kawo ta Azare haihuwar fari, sannan mafarkin ya dawo. Barcin rana ne kamar kullum. Ɗakin ƙasa, ruwa, riga sharkaf. Amma wannan karon babu kuka a bayan katanga, ba ta fita ko'ina ba, yaron yana cinyarta tun farko. Ta sa yatsa ta ɗage zanen. Ga shi nan. Goshin Malam Hussaini, ɗan kunnen nan da ya lanƙwashe, idon da yake lumshewa in yana sha. Yunusa ne, shi kaɗai, ba wani Abbas. Ya saki nono ya dube ta.

Ta farka tana dariya, tana cewa Alhamdu lillahi, ta ga ɗanta, ta ga ɗanta! Tana cikin hamdalar abin ya faɗo mata. Ta yi zaune dafe da ƙirji har aka kira la'asar. In wannan ne gaskiya, to ta raba yaran nan a kan babu. In na farkon ne gaskiya, to wannan zuciyarta ce take lallashinta. Mafarki ne ya kai ƙara, mafarki ne ya zo ya janye, kuma babu ɗayansu da za ta iya dafa Alƙur'ani a kansa. Daga ranar kullum na biyun ne yake zuwa. Tana ɗokin azahar ta yi don ta ga fuskar, tana kuma tsoron farkawa. Ba ta gaya wa kowa ba.

Jannatu ta haifi 'ya mace. Al'ada ta sa aka ce a ɗakin kakarta za ta yi jego, don ita ce ta san ruwan wanka da kunun kanwa. Haka suka koma ɗaki ɗaya, suna magana a kan zanen goyo da cibiya, ba sa wuce nan. Tsohuwa ta lura da abu ɗaya: in mai shayarwa ta zo barka ta ɗauki jaririyar, idon Jannatu ba ya barin hannunta har sai ta ajiye.

Wata rana da rana tsaka, gida ya yi tsit, Inna Dijatu ta farka daga barcinta ta ga Jannatu zaune a bakin gado tana shayarwa, tana kallonta.

"Inna, murmushi kike yi a barci."

"Tsufa ne."

Jannatu ta gyara wa 'yar kwanciya. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba tare da ta ɗago ba. "Har yanzu kina mafarkin nan?"

"Ina yi."

"Na yi ta tunani, Inna. Tun da na haihu na san yadda nono yake yi in ya cika. Da ni ce na ji yaro yana kuka, ni ma da na ba shi. Na daina jin haushinki." Sai ta ɗago ta dubi kakarta. "Abu ɗaya nake so. In na san baffana ne da gaske, zan iya cire shi daga raina in zauna lafiya a ɗakina. Abin da ke hana ni barci shi ne a ce ba komai aka raba mu. Kin taɓa ganin fuskar yaron?"

Inna Dijatu ta dubi yarinyar da ta goya, ta dubi ƙashin wuyanta da ya fito duk da kunun jego. Fuskar Yunusa tana nan a idonta, ko minti biyar ba ta yi da rabuwa da ita ba. Sunansa ya zo har bakinta. Tun da aka fita da shi take jiran ranar da za ta ce wa wani ta gan shi.

"Na gani," ta ce.

"Wane ne?"

"Abbas ne. Kuma ba mafarki ba ne, 'yar nan, na tuna. Gani na yi."

Jannatu ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta kifa kai a kan 'yarta ta yi kuka mai yawa, irin wanda ake yi a wuce wurin. Da ta gama ta share ido, ta matso ta ɗora jaririyar a cinyar kakarta, ta ce bari ta je ta ɗumama musu kunu.

Inna Dijatu ta bi bayanta da kallo har ta fita. Sannan ta sunkuya a kan jaririyar tana jijjiga ta, bakinta yana motsi, tana istigfari.